Digirin kasuwanci: gaskiya da ji-ta-ji-ta kan tantance kwasa-kwasai

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, sai maganganu su yi yawa a majalisu da zaurukan WhatsApp, musamman kan kwasa-kwasan akanta, aikin banki da harkar gudanarwa, waɗanda ɗalibai ke rububinsu. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa shaci-faɗi. Bari mu tace su.

"Tunda jami'a na da lasisi, duk abin da take koyarwa ya halatta." Ba haka ba ne, kuma nan ne iyaye suka fi tafka asara. Lasisin buɗe jami'a daban, amincewa da kwas daban. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kwas-kwas take bi. Takan tura tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'in su duba manhaja, yawan malamai da matakin karatunsu, ɗakin karatu, azuzuwa, har da takardun jarrabawar baya. Saboda haka jami'a guda tana iya samun amincewa a kwas ɗin akanta, ta rasa a na kasuwanci.

"An ba sashenmu amincewar wucin gadi, takardarmu ta zama banza." Ƙarya ce. Sakamakon tantancewa kashi uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ta wucin gadi ta shekara 2, sai kuma hanawa. Ta wucin gadi jan kunne ce, a gyara kafin tawaga ta dawo, karatu kuma yana ci gaba. Hanawa ce mai zafi, domin ita ke dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai.

"Yanzu duk jami'o'i abu ɗaya suke koyarwa." Da ƙamshin gaskiya, amma an yi ƙari. Sabuwar manhajar CCMAS da aka ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ta gaji tsohuwar manhajar BMAS, ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Da wannan gurbin, jami'ar da ke Kano na iya koyar da kasuwancin fatu ko hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta Fatakwal kuma ta karkata ga harkar mai.

"NUC ce ke kula da HND." A'a. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna ƙarƙashin hukumar NBTE ce, wadda aka kafa a 1977, mai hedikwata a Kaduna. Mai neman difloma a can zai bincika.

"Da na karɓi digirin akanta na zama ƙwararren akanta." Da sauran tafiya. Wannan matsayi sai ta hannun ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN mai kwalejin horo a Jihar Filato. Abin da digirin ke yi shi ne rage maka wasu jarrabawoyin, idan ƙungiyar ta amince da sashen da ka fito.

"Gwamnati ta juya wa digirin Kwatano baya." Wannan na da tushe. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako 6 ba tare da shiga aji ba, har ya tafi bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo.

Abin da ya haɗa waɗannan maganganu shi ne yawancinmu sunan makaranta da gininta muke kallo, alhali hukuma kwas take aunawa. Kafin ka sayar da hatsi ko sa ka biya kuɗin rajista, duba sunan kwas ɗin a shafin NUC ko NBTE da kuma kundin JAMB, ka ga matsayinsa da shekarar da aka tantance shi. Binciken minti goma ne, abin da yake tsarewa kuwa shekara huɗu ce ta rayuwar ɗanka.