Gargaɗi ga Mai Niyyar Rage Ƙiba

Tun zamanin kakanni al'adarmu ta ɗauki ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali, har ya zamana idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce duniya ta yi masa daɗi, amarya kuwa in ta yi 'yan watanni ba ta ciko ba sai dangi su fara tuhumar miji, wasu 'yan mata ma har su kai ga shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, alhali kumburi suke haddasawa, da hawan jini da ciwon sukari. Saboda haka wanda likita ya umarta da rage nauyi, jarrabawarsa ta farko bakin mutane ne, domin da zarar riga ta fara yi masa yawa za a dinga tare shi a ƙofar masallaci ana cewa, "Alhaji, lafiya kuwa? Ka rame." Mutane da dama wannan tambaya kaɗai ce ta karya musu himma.

Jarrabawa ta biyu gaggawa ce, kuma ita ta fi haɗari. A Amurka an yi wata gasar talabijin ta rage ƙiba, The Biggest Loser, inda mutane suka azabtar da kansu da yunwa da motsa jiki na fitar hankali. A 2016 wani mai bincike, Kevin Hall, da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon binciken mutum 14 daga cikinsu, waɗanda bisa matsakaicin lissafi kowannensu ya zubar da kilo 58, amma bayan shekara shida wajen kilo 41 sun dawo. Illar kuwa ita ce, jiki idan ya ga abinci ya yanke farat ɗaya sai ya ɗauka fari ne ya sauka, ya rage abin da yake ƙonawa, ya tsananta yunwa, ya kuma daɗe a kan wannan hali. Wanda ya fahimci haka zai daina zargin kansa da raunin zuciya, ya rungumi tadriji. Masu tallar shayin rage ƙiba ba sa faɗin wannan, kuma an sha samun sinadarin sibutramin a irin waɗannan haɗe-haɗe, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda cutar da zuciya.

Abin da ake bukata bai kai yadda ake tsammani ba. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan mutum fiye da 3,000 masu dab da kamuwa da ciwon sukari ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da tafiyar sassarfa ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58; wato mai kilo 100 kilo bakwai ake nema gare shi, ko da maƙwabta ba su lura ba.

Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, amma abin takaici, watan Ramadan ne muka mayar lokacin israfi, da soye-soye da kunu mai zaƙi da lemon kwalba, wanda ƙarama guda takan ƙunshi sukari wajen cokalin shayi tara. Malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu, da miyar ganye mai ƙarancin mai, abu ne da mutum zai iya dawwama a kansa. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuwa wajibi ne ya shawarci likitansa kafin ya sauya cimarsa, domin idan nauyi ya ragu adadin maganin ma yakan bukaci gyara.