Giyar bel: Na'urar da ke sa keke mai inji ya hau tudu ba tare da an canza giya ba

A Amurka akwai masu sha'awar ƙere-ƙere da ke ɗaukar keken hawa na yau da kullum su ɗora masa ƙaramin injin fetur. Ɗaya daga cikin injinan da suke amfani da su shi ne Predator 212, wanda shagunan Harbor Freight ke sayarwa, mai ƙarfin doki 6.5. Ɗan uwa ne ga Honda GX200, irin injin da manoman rani ke ban ruwa da shi a fadama, masu markaɗe kuma ke sana'a da shi.

Ɗora injin a kan keke ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce yadda za a kai ƙarfinsa ga tayar baya.

Hanya mafi arha ita ce kuloci mai kama kansa idan inji ya ɗauki wuta, sai sarƙa ta ja taya. Sai dai giya ɗaya ce tak. Idan an saita ta don gudu, keken ba ya iya tashi da kaya, kuma a kan tudu kulocin zai yi ta zamewa har ya yi zafi ya ƙone. Idan kuma an saita ta don hawa, a miƙaƙƙen titi injin zai yi ta kururuwa ba gudu.

Wannan ya sa da yawa ke komawa ga giyar bel, wadda makanikan can ke kira tok-kwanbata.

Fuli biyu ne da bel a tsakaninsu, kuma kowane fuli faranti biyu ne masu iya matsewa ko buɗewa. Na gaba yana kan bakin inji, da wasu ƙarafa masu nauyi a cikinsa da sifirin ke riƙe da su. Idan injin na sulo, bel ɗin na kwance, keke ba ya motsi. Da an murɗa totur juyin ya kai kusan 2,200 a minti, sai ƙarafan su bazu, su matse farantan, bel ya kama. Yayin da juyi ke ƙaruwa bel ɗin na hawa zuwa gefen fulin gaba, yana nutsewa a cikin na baya. Da an tunkari tudu taya ta yi nauyi, fulin baya ne ke sake matsewa ya mayar da keken ƙaramar giya. Direba bai taɓa komai ba.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da mota mai irin wannan giya tun 1958. Samfurin da masu kekuna suka fi sani shi ne Comet jeri na 30 da kwaikwayonsa na Sin. Wurin tashi, injin kan juya kusan sau 2.7 kafin fulin baya ya juya sau ɗaya. A ƙarshen gudu kuwa fulin baya ya ɗan fi injin sauri.

A nan ne hatsarin yake. A ɗauki keke mai taya inci 26, da haƙoran sarƙa 10 a gaba, 60 a baya. Idan injin ya kai juyi 3,600 a minti, lissafi na nuna gudun zai iya haura kilomita 80 a awa. Birkin roba na keke, da siraran wayoyin taya, da firam ɗin da aka ƙera don ƙafar mutum, babu wanda aka yi domin wannan. Shi ya sa masu hankali a cikinsu ke fara kashe kuɗi a kan birkin faranti da taya mai kaurin waya kafin su taɓa maganar gudu.

Doka ma na nan. A jihar Kaliforniya, abin da ake ɗauka keke mai inji dole ƙarfinsa ya gaza doki 4, gudunsa kada ya wuce mil 30 a awa, kimanin kilomita 48, kuma giyarsa ta zama mai canza kanta. Giyar bel ta cika sharaɗi na ƙarshe, amma injin 212 ya karya na farko.

Na'urar tana da faɗi, har takan hana feda juyawa sai an sa mai buɗaɗɗen hannu. Tana kuma cin wani kaso na ƙarfin inji, abin da ba a ji sosai a babban inji amma yana bayyana a ƙarami mai cc 79.

Bel ɗin ne ke shan wahala. Na jeri na 30 gefe ɗaya ne a miƙe, ɗayan a karkace, kuma miƙaƙƙen ne ke kallon inji. Idan aka juya shi, nan da nan zai cinye. Mai ko giris ya taɓa shi sai ya riƙa zamewa, haka ma idan fulin biyu ba su daidaita a layi ɗaya ba. Ƙura kan shiga fulin gaba ta sa ƙarafan su maƙale, har keke ya zabura da an tayar da inji, don haka akan kwance shi lokaci-lokaci a goge. Murfin da wasu ke cirewa don iska ta shiga kuwa shi ne kaɗai abin da ke tsakanin fuli mai juyi sau dubbai a minti da ƙafar wando.