Bindiga mai madubi tana kuskure: ina laifin yake?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maharbi ya auna gyado, harsashi ya wuce. Harsashin nan bai tsaya nan ba. Yana iya tafiya fiye da kilometir 2, ya samu saniya ko mai kiwonta.

Kafin ku zargi madubi, ku fidda harsashi, ku duba ƙusoshin da ke riƙe da madubin. Nan laifin ya fi yawa. Itacen bindiga kuma yana kumbura da damana, ya tsuke da ɗari, sai nasa ƙusoshin su saki.

Sannan ku gwada. Ku kafa takarda gaban tudun rairayi, nisan metir 100. Ku aza bindiga bisa buhun gero. Ku harba harsashi 3 iri ɗaya, sannu-sannu, don ƙarfe in ya yi zafi harbi yana karkata. In hudojin sun taru wuri guda amma gefe, bindiga lafiya take, saitin madubi za ku murɗa. In sun warwatse, ku goge cikin bututu, ku duba bakinsa ko ya lotse. Wani sa'i ma, gaskiya, maharbi ne ke fizgar kunama.

Farauta kuwa sai da takardar izni, dokar 1998 ce.