Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ma'aikatan Agaji da Nauyin da Ke Wuyan Ƙungiyoyinsu

A ranar 19 ga watan Agustan kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya takan tuna da ma'aikatan agaji, kuma an zaɓi ranar ce saboda harin bam da aka kai ofishinta na birnin Bagadaza a shekarar 2003, inda mutum 22 suka rasu, ciki har da wakilinta na musamman a Iraƙi, Sergio Vieira de Mello. Tun daga lokacin haɗarin aikin bai ragu ba, domin a shekarar 2023 kaɗai majalisar ta ce an kashe ma'aikatan agaji 280 a ƙasashe 33. Sai dai waɗannan alƙaluma na waɗanda suka rasu ne, ba su ƙunshi waɗanda suka tsira da ransu amma barci ya ƙaurace musu ba, ko waɗanda suka koma gida iyalansu suka ga halinsu ya canza.

Yankin Tafkin Cadi da Sahel ya ga irin wannan rashi. A watan Maris na 2018 'yan bindiga sun kai hari garin Rann da ke jihar Borno, suka kashe ma'aikatan agaji uku, suka sace mata uku ma'aikatan lafiya, kuma kafin ƙarshen shekarar aka kashe biyu daga cikinsu, dukansu ungozomomi masu aiki da ƙungiyar Red Cross ta duniya. A watan Agustan 2020 kuma aka kashe Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar ACTED tare da 'yan Nijar biyu a Kure, kusa da Yamai. Bayan kowane irin wannan hari akwai abokan aiki da dole su wayi gari su ci gaba da rabon abinci da auna yara masu tamowa, kamar ba abin da ya faru.

Masana halayyar ɗan Adam sukan bambanta lalurori da dama da wannan aiki kan jawo. Akwai ciwon firgici da kan biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda mai shi yakan riƙa ganin abin da ya faru a mafarki ko a farke, yakan razana da ƙaramin sauti, yakan kuma guji duk abin da zai tuna masa da lamarin. Akwai raunin zuciya da mutum kan ɗauka daga labarin wasu, wanda ya fi kama tafintoci da masu ɗaukar bayanan matan da aka yi wa fyaɗe, domin sauraron irin wannan labari kullum yakan bar tabo ko da mai sauraro bai shaida komai da idonsa ba. Sannan akwai sarewa da aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, mai alamomi uku, wato ƙarewar kuzari, da sanyin zuciya ga aikin da mutanen da ake yi wa shi, da raguwar ƙwazo. Wannan ta ukun ba harbi ko bam ke kawo ta ba, takan taru ne a hankali daga doguwar ranar aiki, da shugaban da ba ya saurare, da kwantiragin 'yan watanni da ba a san ko za a sabunta ba, da kuma tsayawa gaban mutum dubu da kayan mutum ɗari biyar.

Idan ana maganar gina juriya, abin da ya fi zuwa a rai shi ne koya wa ma'aikaci dabarun kula da kansa, irin su isasshen barci, motsa jiki, tsara numfashi lokacin fargaba, da riƙe zumunci da iyali. Waɗannan suna da amfani, kuma ga mutane da yawa salla da addu'a da zama cikin jama'a su ne ginshiƙin da ke riƙe su. Amma kuskure ne babba a ɗora wa ma'aikaci dukan nauyin, a ba shi horon kwana guda kan haƙuri alhali an hana shi hutu. Ƙa'idojin da kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin jin ƙai, wanda aka fi sani da IASC, ya fitar a 2007 sun ware sashe na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata da 'yan sa-kai, haka nan Gidauniyar Antares ta ƙasar Holand ta tsara matakai takwas da ke bin ma'aikaci tun daga tantance shi kafin ɗauka, da horar da shi, da sa ido kan halinsa a bakin aiki, da tallafa masa lokacin bala'i, har zuwa bayan ƙarewar aikinsa. Duka biyun a wuyan ƙungiya suka rataya nauyin. A 2015 wata kotu a birnin Oslo ta tabbatar da haka a shari'ance, da ta samu Majalisar 'Yan Gudun Hijira ta Norwe da laifin mummunan sakaci game da wani ma'aikacinta ɗan Kanada da aka harba aka kuma sace a sansanin Dadaab na Kenya a 2012, ta umarci a biya shi diyyar raunin jiki da na zuciya.

Game da abin da ya dace a yi nan take bayan hari, ilimi ya canza. A da akan tara waɗanda abin ya shafa a sa kowa ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla a zama ɗaya, amma bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwon firgici, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa. A madadinsa ta fitar da littafin taimakon gaggawa na zuciya a 2011, wanda ya ginu kan dubawa, da saurare, da sada mutum da taimakon da yake buƙata, ba tare da an tilasta masa magana ba. Abokin aikin da ya samu horo zai iya yin wannan, ba sai likita ba, kuma sau da yawa shi ne wanda aka fi sakin jiki da shi.

Inda gyara ya fi buƙata shi ne wajen ma'aikata 'yan ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa a fagen aiki, kuma su ne mafi yawan waɗanda ake kashewa ko sacewa. Ma'aikacin da ya zo daga Turai yakan fita hutu bayan 'yan makonni, yana da inshora, kuma idan tsaro ya lalace akan kwashe shi. Direba ko ungozoma daga Bama ko Difa kuwa ba su da wurin komawa, domin rikicin a garinsu yake, ƙila ma danginsu na cikin sansanin da suke yi wa hidima. Ga kuma tsoron kada a ce mutum ya samu taɓin hankali, da fargabar cewa wanda ya koka ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Masu kula da wasu ma sukan fi kowa nauyin baki wajen neman kulawa, wanzami dai ba ya son jarfa. Saboda haka layin tarho zuwa wani ƙwararre a Landan mai magana da Turanci ba zai wadatar ba, sai an samar da masu ba da shawara da ke jin Hausa da Kanuri da Fulfulde, waɗanda ba sa kai rahoton abin da aka faɗa musu ga shugabannin ofis.

Najeriya ta ɗan yi gaba ta fuskar doka, domin a watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma Maiduguri na da asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Amma ƙwararru sun yi ƙaranci matuƙa, kuma rage kuɗin agaji da Amurka ta yi a 2025 ya sa ƙungiyoyi da dama sun sallami ma'aikata, sun bar waɗanda suka saura da aikin mutum biyu ko uku. A irin wannan hali kuɗin kula da ma'aikata na cikin abubuwan da aka fi saurin gogewa daga kasafi, shi ya sa ya kamata masu ba da tallafi su mayar da shi sharaɗi a rubuce cikin kowace yarjejeniya, har da wadda ake ƙullawa da ƙananan ƙungiyoyin cikin gida da ake tura wa aiki a wuraren da manya ba sa iya shiga.