Rariya ba ta iya karatu

Da zarar kakar zaɓe ta ƙarato, sai ka ji ana ba juna shawara: "Toshe kalmar siyasa a wayarka, ka huta da labaran ƙarya." Hutun kam ana samu. Amma batun ƙarya, a nan aka yi kuskure. Matatar kalmomin da ke cikin X, ko cikin manhajojin tara labarai irin su Feedly da Inoreader, ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Haruffa kawai take dubawa.

Twitter, wato X a yanzu, ya kawo wannan tsari a 2016. Ka rubuta kalma, ka zaɓi a ɓoye ta na awa 24, kwana 7, kwana 30 ko har abada. Iyakar aikinta ke nan. Rariya ce: tsaki ya tsaya, gari ya wuce, ko da an cuɗe garin da rairayi. Maigadi ne da aka ce kada ya bar mai baƙar riga ya shigo. Ɓarawo ya sa fara ya wuce, liman ya zo da baƙa aka tare shi a ƙofa. Haka ta faru a Ingila a 1996, lokacin da matatar kamfanin AOL ta hana mutanen garin Scunthorpe buɗe asusu, don kawai a tsakiyar sunan garin akwai haruffan wata kalmar ashar ta Turanci.

Mu Hausawa namu ya fi wuya. Mutum ya gaji da labaran faɗa, ya rubuta "fada" ba lanƙwasa, don allon wayarsa ba shi da ɗ. A wajen na'ura kuwa d da ɗ haruffa biyu ne daban. Sai sanarwar hawan salla daga fada ta ɓace masa, labaran faɗan da jarida ta rubuta daidai suna shigowa abinsu. Wani ya toshe "wuta" don hotunan gobara na tayar masa da hankali, har da sanarwar ɗauke wutar unguwarsu ya rasa. Ga "zabe" da "zaɓe", dole a sa duka biyun, domin da yawanmu, har da wasu ofisoshin gwamnati, ba mu damu da lanƙwasa ba.

Ni dai kalma biyu nake haɗawa, kamar "rikicin jam'iyya", in sa kwana 30. In wa'adin ya cika, in duba ko har yanzu maganar na damuna.