Me Ya Sa Motar Da Ba Ta Ci Hanya Ba Take Tsada?

A watan Mayun 2022, an yi gwanjon wata Marsandi ƙirar 1955 a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, aka saye ta Yuro miliyan 135. Dalili kuwa, biyu kacal aka taɓa ƙerawa irinta. A irin wannan gwanjo, attajirai kan yi rububin motar da ba a samun irinta, musamman idan agogon tafiyarta ya nuna ba ta ci hanya ba. Mai saye ajiye ta yake yi, domin yawan hawa yana rage mata daraja.

Shin kuɗin ya dace? Ga mai tara kayan tarihi, tarihin yake saye. Mu kuwa aiki muke nema a wurin mota: kai taki gona, kai gero kasuwa, kai marar lafiya asibiti. Kuma motar da ta daɗe a ajiye ita ma tana lalacewa. Taya ta tsattsage, batir ya mutu.

A kasuwar Dambatta, mai sayen san noma yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ba ya tsayawa ga zancen dillali. Haka ya kamata iyayenmu su yi idan sun sayar da amfanin gona za su sayi motar Kwatano ko babur. Ana iya mayar da agogon tafiya baya. A je da makaniken da aka yarda da shi, ya saurari inji, ya duba hayaƙi da birki. Gumin damina guda ya fi ƙarfin ganganci.