Cinikin Waƙa, Daga Ƙofar Wambai Zuwa Wayar Hannu

 Kowace a cikinku da ke zaune a birnin Kano ta san kasuwar Ƙofar Wambai, ko da ba ta taɓa taka ta da ƙafarta ba, gama can muke aiken yara su sayo mana zaren ɗinkin hula, da takalma, da gwanjo. To, akwai wani kaya da kasuwan nan ta yi shekaru tana cinikinsa, wanda ba a awonsa da mudu, ba a gwajinsa da kamu, watau muryar mutane. Tun zamanin kaset har zuwa na sidi, dillalan Ƙofar Wambai su ne ke kwafar waƙoƙi da finafinan Hausa suna rarrabawa, fatake na sara suna kaiwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi, har Kamaru da Gana.

Kada ku ce ina ruwanmu. Da yawa daga muryoyin da aka yi cinikin nan da su na mata ne. Tun da aka fito da Turmin Danya a 1990 sana'ar fim ta kafu a Kano, waƙa kuwa ta zama gishirinta. Yarinyar da kuke gani tana rausaya a fim, galibi baki kawai take motsawa, mai muryar wata ce daban wadda ba a nuna fuskarta. Kaɗan daga cikinsu sunansu ya fito, kamar Fati Nijar da Maryam Sangandale. Ga kuma masu bege, ga 'yan makarantar Islamiyya da ake naɗar waƙoƙinsu na sauka, ga masu yi wa amare waƙar biki. Ban ce kowace ta zama mawaƙiya ba, wannan shawara ce ta mutum da iyayensa, ko mace da mijinta. Amma wadda ta riga ta shiga, ko 'yarta ta shiga, lalle ya kamata ta san yadda kuɗin abin yake tafiya.

A dā lissafin ba shi da wuya. Makaɗi yana da ubangida, ya yi masa waƙa, a ba shi riga ko doki. Mai amada ta kifa ƙorai a gidan biki, mata su yi mata kari, taro ya watse, kowa ya kama gabansa. Waƙa ba ta zuwa inda mai ita bai je ba. Na'ura ce ta rushe wannan. Faifan garmaho na farko bai ɗaukar fiye da kamar minti 3 a kowane gefe, duk da haka ya koya wa murya tafiya ba tare da mai ita ba. Daga baya kamfanin EMI ya buga faya-fayan Alhaji Mamman Shata. Sa'an nan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, da ya yaɗu kuwa sai ya zamana duk mai rikoda biyu ya iya kwafa. Mawaƙi yana barci a gida, muryarsa tana tara wa wani kuɗi a kasuwa.

Masu fim na Kano sun yi wata dabara da ta cancanci a tuna da ita. Wani malamin jami'a, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kasuwan nan, ya bayyana ta cikin littafinsa na 2008. Mai fim ba ya kwafar kaset da kansa. Kwali yake bugawa, mai hoto da suna, ya kai wa dillali tare da uwar kaset. Dillali ya kwafa, ya sa kowane kaset cikin kwalinsa, ya sayar. Kaset mai kwalin asali shi ne halattacce, wanda ba shi da shi na sata ne. Biya kuwa sai an sayar, kwalin da ya yi kwantai a mayar wa mai shi. Kun ga hasara tana wuyan mai fim, amma ko banza yana da abin ƙirgawa: ya san kwali nawa ya bayar, nawa ya dawo. Da wayar hannu ta zo, masu tura waƙoƙi suka cika bakin titi suna loda wa mutum ɗaruruwa a kuɗi kaɗan, sai kwali ya mutu, cinikin sidi ya bi shi. Abin ƙirgawa ya ɓace, saura takarda da doka.

To, ga abin da doka ta ce, ku karanta shi a hankali, don shi ne gindin maganar. Waƙar da aka naɗa dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, watau baitoci da karinsu, wannan ta wanda ya tsara ce. Ta biyu ita ce naɗin, watau sautin da aka ɗauka a situdiyo ran nan, wannan kuwa galibi ta wanda ya ɗauki nauyin aikin ce, in ba a yi wani sharaɗi ba. Ku masu ɗinkin hula za ku gane da sauri: zane daban, hular da aka ɗinka da shi daban. Mai zane yana iya sake ba wata ta ɗinka, mai hula kuwa hularsa kaɗai ya mallaka. Mai rerawa ita ma tana da nata haƙƙi, ba a naɗar muryarta sai da izninta. Amma in ta yarda, ta karɓi kuɗin murya na ran nan ba tare da wani sharaɗi ba, da wuya ta sami abin kamawa in waƙar ta yi kasuwa.

Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita a Nijeriya ita ce ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ba ta ce sai an yi rajista kafin waƙa ta zama taki ba. Da zarar an rubuta ta ko an naɗe ta, haƙƙi ya tabbata. Sai dai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar sanarwa daga masu aiki, takardarta kuwa shaida ce mai amfani ran gardama. Haƙƙin waƙa yana nan duk tsawon ran mai ita, da shekara 70 bayan mutuwarsa. Na naɗi shekara 50 ne. 'Yan makaranta, ku ɗauki alli ku lissafa. Shata ya rasu a 1999, ashe waƙoƙin da ya tsara suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, nata sai ƙarshen 2083. Abin da zai daɗe haka gādo ne, kamar gida ko gona, jikoki ma suna da rabo.

Bari in ba ku labarin wanda ya sayar da nasa. A 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya naɗi wata waƙa, Mbube, a kamfanin Gallo na birnin Johanasbag. Aka ba shi sule goma, haƙƙi ya koma hannun kamfani. Waƙar ta ƙetare teku, mawaƙan Amurka suka sake mata riga, ta yi tashe a 1961, har ta shiga fim ɗin The Lion King a 1994. Shi kuwa ya mutu a 1962 cikin talauci. 'Ya'yansa mata ne suka ga ƙarshen abin, sai a 2006, bayan an kai ƙara, aka yi sulhu aka fara biyan magada. Shekara 67 ke nan tsakanin sule goma da sulhu.

Ta biyu mace ce, Taylor Swift ta Amurka. Tana 'yar shekara 15 ta sa hannu a takardar wani kamfani, naɗin kundinta 6 na farko ya zama nasu. A 2019 aka sayar da kamfanin da naɗin duka ga wanda ba ta so. Abin da ya cece ta, ita ke tsara waƙoƙinta, watau zanen yana hannunta. Sai ta koma situdiyo daga 2020 tana sake rera su, masoyanta suka koma sayen sabon naɗi. A 2025 ta saye na asalin da kuɗinta. Ni a ganina mai murya da ta koyi tsara baiti da kanta ta fi wadda take jira a miƙo mata takarda ta rera nesa ba kusa ba.

Yanzu sai maganar takarda. Doka ta ce sayar da haƙƙi, ko ba mutum ɗaya izni shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Amma kada wannan ya ruɗe ku, gama izni na baka, na a yi amfani da waƙa ba mallaka ba, doka ta san da shi. Saboda haka rubutun ya fi. Mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta zo mana a kan rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata mu ji nauyin neman takarda ba, ko da mai situdiyon ɗan'uwa ne. A rubuta wa ya tsara, wa ya rera, wa ya yi kiɗa, wa ya biya kuɗin situdiyo, da kason kowa cikin ɗari. A rubuta sayarwa ce ko haya. Haya ta fi, don tana da wa'adi: shekara kaza, a fim kaza, in ta cika kaya ya dawo gida. Wadda ba ta kai shekara 18 ba kada ta sa hannu sai waliyyinta yana zaune, wanda ya iya karatu ya karanta musu duka, ba a tsaye a bakin ƙofa ba.

Ku yi hattara da kafin alƙalami. Sau da yawa ba kyauta ba ne, bashi ne da za a cire daga kasonki. A ce an ba ki naira 100,000, kasonki kuwa 20 cikin ɗari. Ba za ki ƙara ganin ko kwabo ba sai waƙar ta kawo naira 500,000, a lokacin kuwa mai kamfani ya riga ya riƙe 400,000 nasa, ya kuma mayar da abin da ya ba ki. Wannan ba zamba ba ne in an faɗa miki tun farko. Ki tambaya kuma ko kuɗin situdiyo da na ɗaukar hoto su ma daga kasonki za a cire, kuma wata nawa-nawa za a riƙa nuna miki lissafi.

Kuɗin waƙa a yau ta ƙofofi da yawa yake shigowa, kowace kaɗan-kaɗan. Akwai na biki da taro, wanda har yanzu shi ne na hannu da hannu. Akwai na gidajen rediyo da talabijin da otal, wanda mutum ɗaya ba ya iya bi ya karɓa, sai ta hannun ƙungiyar karɓar haƙƙi irin su MCSN, ita kuwa sai kin shiga kin ba ta sunayen waƙoƙinki kafin ta san da ke. A Kano akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, wadda mawaƙa ke rajista da ita. Wannan maganar izinin sana'a ce, ba ita ke tabbatar da mallaka ba, kada a haɗa su.

Sa'an nan ga intanet: Boomplay, Audiomack, da Spotify wanda ya iso Nijeriya a 2021. YouTube yana fara raba kuɗin talla da mai tasha in ta sami mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin wata 12, kason mai tasha kuwa 55 cikin ɗari ne. Ku lura da kalman nan, mai tasha. Kamfanin bai san wadda ta rera ba, wanda ya buɗe tashar da sunansa da asusunsa na banki shi yake biya. Yawancinmu mukan miƙa wa wani yaro waya mu ce ya buɗe mana. In za a buɗe, a buɗe a gabanki, da sunanki, da lambar wayarki, da asusunki, kalmar sirri kuma ki rubuta ta ki ajiye inda kike ajiye takardar gida.